Ciga: ƙwaron da ke tafiyarsa ya bar kare da susa

A karkarar Faransa da kudancin Ingila, daga ƙarshen Yuli har zuwa Oktoba, akwai wani irin kare da likitocin dabbobi suka saba gani. Jiya lafiyarsa ƙalau. Ya fita yawo cikin ciyawa ya dawo, yau ya hana mutanen gida barci: yana lasar dagi, yana cizon tsakanin yatsu, yana kaɗa kai, yana goga fuska a ƙasa. Mai shi ya duba bai ga ƙuma ba, bai ga kaska ba. Likita zai kama ƙafar, ya buɗa yatsu biyu, ya haska da tocila. Can a lungu, inda fata ta fi laushi, sai ga wani ɗan abu ja mai ruwan lemo ya taru wuri guda, kamar an barbaɗa garin barkono. Idan aka kankaro shi aka sa a na'urar duba ƙananan halittu, sai a ga yana motsi, kowane ɗigo da ƙafafunsa shida, kuma ko rabin milimita bai kai ba.

Amurkawa na kiran wannan ƙwaro ciga. Mutanen Ingila sun raɗa masa suna da lokacin zuwansa, wato ƙwaron girbi, don a lokacin girbinsu yake bayyana. Faransawa kuwa daga watan Agusta suka ciro nasu sunan, kuma idan Bafaranshe ya furta shi sai ka ji kamar ya ce "auta". Ba da gangan ba ne, amma sunan ya zauna daram, domin duk ɓarnar nan ɗan ƙaramin gidan ne ke yin ta.

Ciga ɗan uwan kaska da gizo-gizo ne, daga dangin da masana ke kira Trombiculidae. Manyansu masu ƙafa takwas ne, suna zaune cikin ƙasa mai danshi da ruɓaɓɓen ganye, suna cin ƙwan ƙananan ƙwari, ba su da wata harka da kare ko mutum. Macen kan yi ƙwai a ƙasa. Ɗan da ya ƙyanƙyashe shi ne mai ƙafa shida, kuma ba zai girma ba sai ya ci abinci daga fatar wata dabba. Sau ɗaya tak yake wannan a rayuwarsa. Ya hau kan ciyawa ko busasshen ganye ya jira, iskar da dabba ke fitarwa wajen numfashi ta ankarar da shi, abin da ya gifta ya maƙale masa. Waɗanda ya saba da su su ne ɓera, zomo, tsuntsu, ƙadangare da maciji. Kare da mai kare tsautsayi ne ke bi da su ta wurin.

Wanda ya tashi a ƙauye ya san jan ƙwaron nan mai laushi kamar karan-miski, wanda ke fitowa kan yashi bayan ruwan farko, yara su ɗora shi a tafin hannu suna kallo. Makusancin ciga ne, sai dai nasa 'ya'yan a jikin ƙwari irin su fara suke maƙalewa. Na kawo shi ne don mai karatu ya samu abin kwatance: ka ɗauki wancan, ka ƙanƙantar da shi har ya kusa ɓacewa daga ido.

Yadda ciga ke cin abinci shi ne mabuɗin gane komai a kansa, kuma nan ne yawancin mutane ke kuskure. Ba ya shan jini kamar kaska ko sauro. Ba ya kuma haƙa rami ya shige cikin fata. Bakinsa ya yi ƙanƙanta da hakan. Abin da yake yi shi ne ya nemi wurin da fata ta yi sirara, sau da yawa gindin gashi, ya ɗan huda, ya tofa yawu. Yawun na ɗauke da sinadaran da ke narkar da nama. Fatar da ke kewaye da hudar sai ta taurare ta zama wani siririn bututu, shi kuma ya riƙa zuƙo narkakken nama ta ciki, ya sake tofawa, bututun ya ƙara nutsewa. Idan ba a taɓa shi ba zai yi kwana uku zuwa huɗu a haka, wani lokaci fiye. Da ya ƙoshi sai ya saki, ya faɗa ƙasa, ya ci gaba da rayuwarsa. Ba ya ƙwai a jikin kare, ba ya hayayyafa a kan shimfiɗarsa.

To amma bututun da yawun suna nan a fata bayan ya tafi. Garkuwar jiki na ganinsu a matsayin baƙi, ta yi ta yaƙarsu, wurin ya kumbura ya yi ja, ƙaiƙayi ya tashi. A jikin mutum ƙaiƙayin kan fara ne sa'o'i kaɗan bayan cizon, ya kai maƙura a kwana na ɗaya zuwa na biyu, ya iya jan mako biyu kafin ya kwanta. Kare ma haka, susar kan zarce zaman ƙwaron nesa ba kusa ba. Shi ya sa sau da yawa lokacin da aka kai kare wurin likita, mai laifin ya daɗe da komawa ƙasa, ko karen ya lashe shi ya haɗiye. Sai a tarar da ƙuraje da ɓawo da gashi da ya tsige, babu wanda za a nuna a ce shi ne. Wanda ya tashi a lokacin yana neman maganin kashe ƙwari mafi ƙarfi a kasuwa, ihu bayan hari yake yi.

Ba kuma duk karnuka ke shan wahala iri ɗaya ba. Wani za ka ga jan ɗigon ya cika masa kunne amma ko a jikinsa. Wani ƙwaro biyar kacal zai sa ya yage fatarsa da farce. Bambancin daga borin jini ne: karen da jikinsa ya riga ya tsani yawun ƙwaron shi ke haukacewa. Kuma mafi yawan raunin da ake gani ba ciga ne ya yi shi ba, haƙorin karen ne da farcensa da harshensa. Fatar da aka lasa dare da rana takan jiƙe ta saɓule, ƙwayoyin cutar da dama suke zaune lafiya a saman fata su samu ƙofa, sai ruwa da mugunya da wari. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Tunda ƙwaron ba ya tsayawa a kama shi, likita kan yi aiki da tambayoyi uku: ina ne a jiki, wane lokaci ne na shekara, kuma ina karen ya shiga. A jiki, duk inda ke taɓa ƙasa kuma gashi bai yi kauri ba: tsakanin yatsu, ƙafafu, ciki, hammata, matsematsi, kewayen ido da baki, sai kunne. Akwai wani ɗan aljihun fata a gefen kunnen kare ta ƙasa, wanda mutane da yawa ba su ma san da shi ba. Ciga na son wannan aljihu ƙwarai, kuma likitan da ya san aikinsa nan yake fara leƙawa.

Lokaci kuwa ya danganta da ƙasa. Nau'in Turai, Neotrombicula autumnalis, sau ɗaya yake zagayowa a shekara, ƙarshen zafi zuwa farkon sanyi. Na Amurka, wanda ya addabi jihohin kudu maso gabas da na tsakiya, ya fi kuzari idan zafin ƙasa na tsakanin digiri 25 da 30 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya sauka ƙasa da 16 sai ya lafa, ƙasa da 6 kuwa mutuwa yake. A wurare masu ɗumi da laima duk shekara, ba ya hutu. Sannan ba ya bazuwa ko'ina cikin fili. Tsibi-tsibi yake zama, inda aka yi ƙwan. Kare biyu za su fita tare, ɗaya ya kwanta gindin wani kurmi ya kwaso ɗari, ɗayan da ya kwanta taku goma daga nan ya dawo ba ko ɗaya. Wannan kan sa mai kare ya ce ai ba daga daji ba ne, tunda ɗayan lafiya lau. Daga dajin ne.

A Afirka ma akwai ciga, nau'o'i ɗaruruwa da masana suka tantance, galibi daga jikin ɓeraye, jemagu, tsuntsaye da ƙadangaru. Inda yake so shi ne inda danshi ke zama: bakin rafi, fadama, ciyawar damina da ta rufe hanya. Karen farauta da ke cusa kai cikin ramin gafiya da sarƙaƙiya, da karen makiyayi, su suka fi kusa da shi. Amma a ganina, a ƙasar Hausa, wanda karensa ke susa bai kamata ciga ya fara zuwa masa a rai ba. Akwai masu laifin da suka fi shi yawa, kuma kowanne da irin sawunsa.

Ƙuma ta fi son gadon baya, wajen gindin wutsiya. Ka taje gashin a kan farar takarda mai ɗan jiƙa, baƙin garin da ya zubo idan ya narke ya koma ja, kashinta ne, jini ne da ta sha. Kaska ba ta ɓuya, ana ganinta a kunne da wuya da tsakanin yatsu, kuma haɗarinta ya wuce fata, domin tana sa zazzaɓi da ƙarancin jini. Ƙazuwar kare, wadda ƙwaron Sarcoptes ke jawowa, ita ce mai haƙa hanya cikin fata da gaske. Takan fara daga bakin kunne da gwiwar hannu, ba ta tafiya da kanta, tana yaɗuwa daga kare zuwa kare, tana ma taɓa mutanen gida. Idan ka murza bakin kunnen karen da ke da ita, sau da yawa za ka ga ƙafarsa ta baya ta fara susar iska. Akwai kuma wani ƙwaro, Demodex, mai zama a gindin gashi, wanda ya fi kama 'yan kwikwiyo ya zubar musu da gashi faci-faci ba tare da ƙaiƙayi mai yawa ba. Sai ƙudan nan da ake kira tumbu a Afirka ta Yamma, mai yin ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa, tsutsarsa ta shige fatar kare ta yi maruru mai ɗan rami a tsakiya. Har ƙarangiya da ta maƙale tsakanin yatsu kan sa kare lasar dagi kamar zai cinye shi.

Wanda ya fi rikita mutane shi ne jiga, don sunan kusan ɗaya ne, har Turawan ma suna gwamutsa su. Kama da wane ba ta wane. Jiga ƙuma ce, Tunga penetrans, mai zama cikin busasshen yashi da ƙurar ɗaki. Ita kam macen na shigewa cikin fata, ta kumbura har ta kai girman ƙwayar wake, ta riƙa fitar da ƙwai ta ɗan baƙin ramin da ta bari a waje, ta mutu a nan bayan makonni huɗu zuwa shida. Asalinta daga Kudancin Amurka ne. A farkon shekarun 1870 ta sauka gaɓar Angola cikin yashin wani jirgin ruwa da ya taso daga Barazil, kuma cikin shekaru kaɗan ta ratsa nahiyar. A Najeriya an yi bincike a kanta a ƙauyukan Badagry ta jihar Legas. Tana kama tafin dagin kare da alade kamar yadda take kama yatsun yara. Jiga sai an cire ta. Ciga babu abin cirewa.

Daga wannan rikicewar ne wata camfi ta samo tushe a Amurka, inda har yanzu wasu ke shafa jan farce a kan cizon ciga wai don su toshe masa numfashi ya mutu a ciki. Babu kowa a ciki. Dabarar toshe iska tana aiki ne ga tsutsar tumbu, wadda ake shafa wa basilin a bakin raminta ta leƙo a matse ta. Mu ma muna da namu jan farcen, kuma ya fi nasu muni.

Na taɓa wucewa ta ƙofar wani gida a unguwarmu na ga karen maigadi kwance a inuwa, baƙi ƙirin tun daga wuya har wutsiya, alhali na san shi ja ne. Ƙasa ta manne a jikinsa, yana lasar cinya yana yamutsa baki. Na ce, "Baba, me ya samu karen nan?" Ya ce, "Susa ce ta dame shi, ɗana. Na samo baƙin mai wurin makanike na shafe shi. Tun muna yara da shi ake yi." Kwana biyu bayan nan karen ya daina cin abinci, yana amai. Da aka kai shi asibitin dabbobi, sai da aka yi masa wanka ya fi sau ɗaya kafin ma a iya ganin fatar, kuma duk alamar da za ta nuna abin da ya fara sa shi susa man ya shafe ta. Baban ba mugunta ya yi ba, tausayi ne ya sa shi. Sai dai duk abin da aka shafa wa kare a fata, a cikinsa yake ƙarewa, domin zai lashe. Baƙin mai, kananzir, fiya-fiya, maganin feshin gona, duk sahunsu ɗaya: garin neman gira a rasa ido. Haka magungunan ciwon jiki na mutane, musamman ibuprofen, wanda ke iya huda cikin kare ya lalata masa ƙoda.

Abin da ya kamata a yi ya fi wannan sauƙi da arha. Idan kare ya dawo daga ciyawa yana susa, a yi masa wanka da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun wankan karnuka, ko sabulu marar ƙarfi, a bi tsakanin yatsu da ciki da bayan kunne da tsumma. Ciga ba ya riƙe fata da ƙarfi kamar kaska, gogawa kaɗan ke fitar da shi, kuma gwargwadon saurin fitar da shi gwargwadon ƙarancin yawun da zai bari. Na san da yawanmu ba ma taɓa kare da hannu, don tsarki ko don al'ada, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ba a ganin abin da ke tsakanin yatsunsa sai ya zama gyambo. Safar hannu ta roba ta raba gardama.

Sauran aikin na likita ne, kuma kashi biyu ne. Na farko kashe ƙwarin da suka rage da hana sababbi hawa. Feshin fipronil na cikin waɗanda aka daɗe ana amfani da su, ana fesa shi a ƙafafu da ciki. Akwai permethrin, amma gidan da ke da kyanwa a yi hattara, domin abin da kare zai ɗauka lafiya yana kashe kyanwa. Akwai kuma ƙwayoyin tauna na zamani irin su NexGard, Bravecto da Simparica, waɗanda aka yi don ƙuma da kaska amma likitoci ke ba da su a kan ciga da ƙazuwa. A 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ja kunne cewa wannan rukuni kan jawo makyarkyata ko farfaɗiya ga wasu karnuka, don haka karen da ya taɓa faɗuwa sai a gaya wa likita. Ivermectin, maganin tsutsa da ƙwari da ake saya barkatai a yi wa kare allura da ƙiyasin ido, shi ma yana da nasa haɗarin: karnukan kiwo na Turai da ake kira Collie da danginsu da yawa na ɗauke da wani gado da ke barin maganin ya shiga ƙwaƙwalwa.

Kashi na biyu, wanda ya fi muhimmanci idan ƙwaron ya riga ya tafi, shi ne kashe ƙaiƙayin kansa don karen ya bar fatarsa ta warke. Nan likita kan ba da prednisolone na 'yan kwanaki, ko wani maganin ƙaiƙayi irin Apoquel, da maganin ƙwayoyin cuta idan wurin ya yi mugunya. Wani lokaci a sa masa abin wuyan roba mai kama da mazurari don bakinsa ya kasa kaiwa. Prednisolone na kwantar da kusan kowace irin susa, kuma nan haɗarinsa yake. Idan ashe Demodex ne, maganin zai danne garkuwar jiki ƙwarin su ninka. Shi ya sa ake kankarar fata a duba kafin a rubuta shi.

Shin ciga na sa wata cuta bayan susa? A Asiya da kewayenta, e. Nau'o'in ciga da ake kira Leptotrombidium na ɗauke da ƙwayar cutar Orientia tsutsugamushi, mai jawo wa mutane wani zazzaɓi mai kisa idan ba a yi magani ba, daga Japan har Indiya da arewacin Ostireliya. Na Turai da Amurka ta Arewa ba a san su da wannan ba. Sai dai a Ingila, wajen 2010, an fara lura da karnukan da ke kamuwa da amai da gudawa da kasala cikin kwana uku bayan yawo a wasu dazuzzuka, ciki har da gandun Sandringham na gidan sarauta da dajin Sherwood, kuma koyaushe da kaka. An ga ciga a jikin da yawa daga cikinsu, shi ya sa ake zarginsa, amma ba a tabbatar da shi ne sanadi ba. Wasu karnukan sun mutu, yawancin da aka yi wa ƙarin ruwa da wuri sun tashi. Karen da susarsa ta zo da amai ko ƙin abinci, ba na wanka da jira ba ne.

A gida kuwa, tunda ƙwaron danshi da inuwa yake bi, a sassabe ciyawar da ke kewaye da inda kare ke kwana, a kwashe tarin ganye da shara da ke tara ɓeraye, rana ta samu ta bugi ƙasa. Idan an gane kurmin da yake kwasowa, a canja masa hanya har lokacin ya wuce.

Mai karen ma yakan wayi gari da jajayen ƙuraje a idon sawu, bayan gwiwa, da kugu daidai inda mazagin wando ke matsewa, sai ya ce kare ne ya shafa masa, a kori dabba daga tsakar gida. Da wuya hakan ta faru, domin cigan da ya kafa baki a jikin kare ba ya sauka ya nemi wani, wanda ya ƙoshi kuma ya gama da cizo har abada. Ciyawar da karen ya ratsa ita mai shi ya ratsa. Ya cire kayan da ya fita da su a wanke da ruwan zafi, shi ma ya yi wanka da sabulu da soso.